Laftof ɗin gem ta hannu: za ta yi aikin editin kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga wata laftof ɗin gem a gabana, ta hannu ce, wani ɗalibina ya kawo in duba masa kafin ya biya, editin ɗin bidiyo zai riƙa yi da ita. Na ce to bari mu duba tare.

Injin gem yana yin editin? Ƙwarai kuwa. Abin da gem ke nema, firosesa mai ƙarfi da katin girafik, shi editin ma ke nema. Damuwar ita ce mai gem ba ya tausayin inji, sai ya kwana yana gasa shi. Don haka sunan da ke jikin sitika ba ya ruɗa ni, abin da ya rage a cikinta nake nema.

Duba jiki, madannai, ramukan USB, wannan kun sani, ba zan tsaya ba. Mu shiga Task Manager, Performance, GPU. Katin girafik ɗin wannan RTX 3060 ne, VRAM ɗinsa, wato ma'ajiyar katin, 6GB. Idan manhajar editin ta DaVinci Resolve kake amfani da ita, wannan lambar ka fara kallo, don ita a kan katin girafik take jingina. Mai 4GB, irin GTX 1650, za ta yi maka 1080p lafiya lau, amma ka ɗora 4K ka ƙara gyaran kala da rage hayaniyar hoto, sai ka ga saƙon cewa ma'ajiyar katin ta cika. Sannan 3060 ta laftof suna ɗaya ne, ƙarfi daban-daban. Wata wat 60 kamfani ya ba ta, wata 115. Ka buɗe Nvidia Control Panel, System Information, za ka ga iyakar wutar da take ja.

Yanzu zafi, kuma nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri. Ka zo da manhajoji biyu a filash ɗinka: HWiNFO mai nuna zafi da gudun inji, da Cinebench mai ɗora wa firosesa aiki mai nauyi. Buɗe HWiNFO, zaɓi Sensors kawai, sai ka kunna Cinebench na minti 10. Au, dakata, ban jona caja ba. Ku jona caja tukuna, don a kan batir injin gem rage ƙarfinsa yake yi, gwajin ya tashi a banza. Yauwa, mu sake.

Mutane da sun ga digiri 90 sai hankalinsu ya tashi. A'a, laftof ɗin gem ta saba da hakan. Abin da za ka sa wa ido shi ne gudun firosesa, layin MHz ɗin nan. Minti na farko kowane inji jarumi ne. Bari a kai minti na bakwai, na takwas. Idan zafin ya manne kusa da 100, gudun yana ta gangarowa, layin Thermal Throttling ya koma Yes ya zauna, to injin yana rage wa kansa ƙarfi ne don kada ya ƙone, kuma haka zai yi maka duk ranar da kake fitar da dogon bidiyo. Ka kasa kunne ga fanka kuma. Hucin iska ba komai ba ne, amma ƙarar gurzawa ko kaɗawa, fankar ta gaji. Sau da yawa ƙura ce ta toshe, ko man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, wannan gyara ne mai sauƙi, sai dai ka nemi ragi a kansa. Amma idan laftof ɗin ta mutu ɗif a tsakiyar gwaji, ko zane-zane suka fito a sikirin, ka miƙa wa mai ita kayarsa. Matsalar na iya zama ta katin girafik, shi kuwa a manne yake da bod, ba a canza shi.

Ni dai na fi son in zo da bidiyona in fitar da shi a gaban mai sayarwa. Wanda ya hana ka gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Sai sikirin. Za a ce maka 144Hz ne, wato saurin sabunta hoto. Wannan na 'yan gem ne, kai kala kake nema. Masu araha da yawa 45% NTSC ne a ma'aunin yawan kala, kalarsu a dushe take, ka gyara fata ta yi kyau a nan, ka tura waya ka ga ta yi ja. HWiNFO zai nuna lambar sikirin ɗin, ka bincika ta a intanet, 100% sRGB kake so, shi ma ma'aunin kala ne. In ba haka ba, ka sa kuɗin monita a lissafi.

Masu kyamarar da ke ɗaukar bidiyo mai yawan bayanan kala na 10-bit 4:2:2 a tsarin H.265, ku nemi Intel ƙarni na 11 zuwa sama, Quick Sync ɗinsa, wato sashen sarrafa bidiyo, yana karanta irin wannan fayil ba tare da sarƙewa ba. 

RAM 16GB, in 4K ne 32, ka tabbata akwai gurbin ƙari. SSD, ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, ta ce Good. Batir ban damu da shi ba, dama a jone za ka yi aiki, cajar dai ta zama ta asali. Kada ka sauka ƙasa da Intel ƙarni na 8, don Windows 11, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Kuma ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ga ba a kulle da kalmar sirri ba.

Mu ga tamu. Minti 10 sun cika, zafi 94, gudun bai faɗi sosai ba, fankar hagu ce ke ɗan ƙara. Sikirin kuwa irin mai dusasshiyar kalar nan ne. Zan ce masa ya saya in an rage masa kuɗin fanka, ya kuma fara tara na monita. A bidiyo na gaba za mu buɗe ta mu canza man nan. Sai mun haɗu.