Osmomita: na'urar da ke auna ruwan jiki ta hanyar sanyi

Ku dubi abin da ke bakin wannan bututun. Maikrolita 20 ne na ruwan jini, bai kai rabin ɗigo ba. A cikinsa likita yake neman dalilin da ya sa majinyaci ya rikice, ko ya sa fitsari ya ƙi tsaya masa.

Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salsiyas. Da an narka gishiri ko sukari a ciki, sai ya yi gardama, ba zai daskare ba sai sanyi ya ƙaru. Osmol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin da suka narke, kuma osmol ɗaya a kilo ɗaya na ruwa yana sauko da wurin daskarewar da digiri 1.86. Na'urar ba ruwanta da ko mene ne ya narke, yawan ƙwayoyinsa kawai take ƙirgawa.

Kafin a taɓa jinin kowa, a sa safar hannu, a gwada na'urar da ruwan gishirin da aka riga aka san awonsa, kamar mai lamba 290. In ta kauce, a saita ta tukuna.

Yanzu ku lura da abin da ke faruwa a ciki. Na'urar tana sanyaya ɗigon har wajen digiri 7 ƙasa da sifiri, amma yana nan ruwa. Sai ta girgiza shi farat ɗaya. Nan take ƙanƙara ta kama, kuma ruwa in zai daskare yakan saki ɗan zafi. Zafin nan ya ɗaga awon sama, ya tsaya cak na ɗan lokaci. Wannan tsayawar, wato wurin daskarewar ɗigon, ita ma'aunin yake karantawa, ya mayar da ita lambar yawan ƙwayoyin da suka narke. Ni dai duk lokacin da na ga lambar ta tsaya, abin yana burge ni.

A jinin mai lafiya za a ga miliosmol (kashi ɗaya cikin dubu na osmol) 275 zuwa 295 a kilo. Fitsari kuwa yakan tashi daga wajen 50 har 1200, gwargwadon ruwan da ƙoda ta riƙe ko ta zubar.

Kuskure yawanci daga hannu yake zuwa. Kumfar iska ɗaya a cikin ɗigon ta isa ta ɓata awo. Fitsari mai gurɓi yakan daskare kafin lokaci, don haka a juya shi a injin tacewa, a ɗebi na sama. In aka bar kwalba a buɗe, ruwa ya tsotse, lamba ta hau. Kuma don Allah a goge bakin ma'aunin bayan kowane gwaji, musamman in daga fitsari mai kauri za a koma jini.

Sai a kwatanta da lissafi: awon sodiyam (sinadarin gishiri) na jinin sau biyu, a haɗa da na sukari da na yuriya (dattin da ƙoda ke fitarwa), duk a ma'aunin milimol a lita. In abin da na'ura ta nuna ya zarce lissafin da fiye da 10, akwai baƙon abu a jinin, wataƙila barasa, ko guba irin metanol mai makantarwa. Irin wannan sakamako ba a barinsa a kan tebur. A sake gwadawa, a kira likita yanzu-yanzu.