Gwajin Igama Daban, Gwajin Aiki Daban

Malama: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Jidda. Yau ina tare da kawuna, wanda ya daɗe yana yankan dutse da tayil a Sana'iyya, unguwar masana'antu. Kawu, ya tarin nan?

Kawu: Da sauƙi, 'yata. Sai dai hawa bene, nan nake gane jikin ba kamar da ba.

Malama: To, a duk shekarun nan, sau nawa aka gwada huhunka a wurin aiki?

Kawu: Ai an ɗauke ni hoton ƙirji lokacin da za a yi mini igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Har jini suka ɗiba.

Malama: Nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗewa. Wancan gwajin cututtuka masu yaɗuwa yake nema, irin su tibi, wato tarin fuka, da ciwon hanta. Bai damu da abin da aikinka zai yi maka bayan shekara goma ba. Gwajin aiki kuwa, ana yin sa ranar da ka fara, a ajiye sakamakon, a riƙa maimaitawa ana kwatantawa. Mai yankan dutse zai busa iska cikin na'ura a ga ƙarfin huhunsa. Mai aiki da batir, jininsa ake dubawa saboda dalma. Kowa da nasa.

Kawu: Wallahi ko sau ɗaya ba a taɓa ba mu abin busawa ba. Kafilina na farko, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, Allah ya shirye shi, ko takunkumi ba ya saye. Rawani muke naɗewa a hanci. Da magariba in na fyace majina, fara fat take fita.

Malama: Ita ƙurar da kake gani ma da sauƙi, Kawu. Wadda ido ba ya gani ce ke sauka can ƙasan huhu, musamman ta giranit da siminti, saboda sinadarin silika. Tana barin tabo, tabon kuma ba ya warkewa, ga shi yana buɗe wa tibi ƙofa. Abin da ke ci mini rai shi ne, da ana zuba ruwa a kan injin lokacin yanka, da yawancin ƙurar ba ta tashi ba. Ruwa fa kawai!

Kawu: Sai kunne. Goggonki kullum cewa take na ƙure sautin rediyo.

Malama: Ƙarar injin ce. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, an kai wajen desibel 85 a ma'aunin ƙara, kuma awa 8 a haka kullum na cinye ji. Shi ma da gwajinsa.

Kawu: Zafi dai an ɗan gyara. Yanzu daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3.

Malama: Haka ne, amma a cikin rumfar kwano ma gumi ake yi. Duk wanda fitsarinsa ke yin ja a kai a kai, ya je a duba masa ƙoda.

Kawu: To in an gano ciwo, wa zai biya?

Malama: Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, tana da reshen haɗarin aiki, kuma ya haɗa da baƙi. Mai kamfani ne ke zuba kashi 2 cikin 100 na albashi. Amma sai an nuna aikin ne ya jawo ciwon, shi ya sa nake roƙon kowa ya riƙe kwafin takardunsa a hannunsa.

Kawu: 'Yan'uwanmu marasa igama fa? Su ne ke aikin da ya fi ƙura.

Malama: Su nake kwana da tunani, Kawu. Babu mai rubuta sunansu, kuma tsoron asibiti suke. Ko takunkumi mai tace ƙura ne, mu haɗa kuɗi mu saya musu. Kai kuma ranar Lahadi da safe zan zo in kai ka gwajin busawar nan.

Kawu: Ki zo bayan asuba, kafin layi ya yi tsawo.