Shuɗin da aka tatso daga dutse

Jama'a assalamu alaikum, daga Landan nake gaishe ku. Yau ina cikin National Gallery, gidan adana zane-zane da ke dandalin Trafalgar, shiga kyauta ce. Ku yi haƙuri da muryata, wurin ya yi tsit, dole in yi magana ƙasa-ƙasa.

Ga abin da ya kawo ni. Allo biyu ne na katako masu rufewa kamar littafi, tsayin kowanne santimita 53. Ana ce masa Wilton Diptych, an zana wa Sarkin Ingila Richard na Biyu tsakanin 1395 da 1399. Bari in matso da kyamara. Kun ga shuɗin tufafin Nana Maryam da mala'iku 11 da ke kewaye da ita? Sama da shekara 600 ke nan, amma sai ka rantse jiya aka shafa shi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Shuɗin nan dutse ne fa! Larabawa na ce masa lazaward. A wancan zamani, daga duwatsun Badakshan na Afganistan ake haƙo shi, fatake su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya sauka Benis ta Italiya, kuɗinsa ya kamo na zinariya. Kuma in ka daka shi kawai, garin toka-toka zai fito. Wani mai zane ɗan Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta dabarar wajen 1400: a kwaɓa garin da ƙaron itace da kakin zuma, a bar shi ya kwana uku, sannan a yi ta murza curin cikin ruwan toka har shuɗin ya tsattsafo. Tatar farko ta fi kyau, ta ƙarshe ta dusashe. Ina jin an ambaci ruwan toka, sai marinar Ƙofar Mata ta faɗo mini a rai. Daga nan a dama shuɗin da gwaiduwar ƙwai, a hau zane.

Wanda aljihunsa bai kai ba, sai ya sayi azurait, dutsen tagulla mai araha, wani ma ya shimfiɗa shi a ƙasa ya ɗora na tsadar sama-sama.

Shunayya ce ke ba ni tausayi. Haɗa ta ake yi, shuɗi da wani ja da ake samu daga saiwa ko ƙananan ƙwari, shi kuwa jan nan haske na cinye shi. Shi ya sa wata rigar da kuke gani shuɗiya a tsofaffin allunan nan, shunayya ce ranar da mai zanen ya ajiye burushinsa. Ku biyo ni ɗakin gaba mu nemo irinta.