Yaron da muka bari yana mana tafinta

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaba, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, ƙannena, da 'ya'yanmu da ke can baya kusa da ƙofa, ina gaishe ku duka, sannunku da sanyi. Na san wasu daga aikin dare suka wuto nan ko gida ba su leƙa ba, wasu kuma sun bar mota a inda mita ke ci, to zan yi ƙoƙari kar in riƙe ku, sai dai maganar nan ta daɗe tana ci min rai, in na ɗan ja ku yi min haƙuri.

Maganar gobara ce. Mu mutanen Bronx, a birnin New York, ba sai an yi mana bayanin gobara ba. Waɗanda suka daɗe a nan ba su manta da Maris na 2007 ba, can Highbridge a titin Woodycrest, 'yan uwanmu 'yan Mali, mutum 10 aka rasa a gobara ɗaya kuma 9 daga ciki yara ne, wani bawan Allah direban tasi yana kan aiki ya rasa matarsa da 'ya'yansa huɗu. Wayar hita ce ta kama, alam ɗin hayaƙin da ke gidan kuma ba batir a ciki. A Disamba na 2017 aka sake yi a Prospect Avenue, mutum 13, a nan ne Emmanuel Mensah, yaron nan ɗan Ghana soja, ya riƙa komawa cikin wuta yana fito da mutane har ya koma bai fito ba. Sai ranar Lahadi 9 ga Janairu 2022, Twin Parks, bene mai hawa 19 a titi na 181, mutum 17, 8 yara, yawancinsu 'yan Gambiya. Wutar ita kanta ba ta yi nisa ba, hayaƙi ne ya kashe su duka, saboda ƙofar gidan da wutar ta tashi ba ta rufe kanta ba, wata ƙofar matakala a hawa na 15 ita ma a buɗe, sai hayaƙin ya bi matakala ya cika benen. Da yawanmu mun tsaya cikin sanyin nan ranar jana'iza mun ga akwatuna 15 a jere, manya da ƙanana. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

In irin wannan ta faru mun iya tashi, wannan kam ba mai ƙwace mana. Kafin magariba an buɗe guruf a WhatsApp, an fara karo-karo, mata sun ɗora tukunya, jakunkunan kaya sun cika masallaci har ba wurin sallah. Ina alfahari da mu a nan. Amma akwai wanda kullum muke tsallakewa, ni ma da nake tsaye a gabanku na tsallake shi, shi ya sa na roƙi Shugaba ya ba ni wannan lokacin.

Kun san gidan da nake nufi, ba zan kama suna ba. Shi yaron na tambaye shi kafin in hau nan, ya ce Anti faɗi, in dai zai amfani wani. Gobarar gidansu ba ta shiga labarai ba don ƙarama ce a wurin 'yan jarida, gida ɗaya ne ya ƙone, rai ɗaya aka rasa. Kakarsa ce, Hajiya, wadda ta zo daga Kumasi don ta riƙe jikoki uwarsu ta samu ta yi aiki. Daren uwar tana wurin aikin kula da tsofaffi, uban yana kan hanya da babbar mota a wata jiha. Yaron yana da shekara 15. Shi ya farka, shi ya sungumi ƙanwarsa ya sauka da ita ba takalmi, ya juya zai koma 'yan kwana-kwana suka riƙe shi. An fito da Hajiya da rai, ta yi kwana uku a asibiti Allah ya karɓi abarsa.

To me muka yi? Mun yi zaman makoki, mun yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mun haɗa kuɗi masu kauri mun damƙa wa uban. Uwar mun zagaye ta ba mu bar ta ita kaɗai ba ko na awa ɗaya. Ƙanwar kowa na ɗauka yana saya mata alawa. Shi kuma yaron duk wanda ya shigo sai ya dafa kafaɗarsa ya ce kai namiji ne, ka yi haƙuri, ka kula da mamanka, shikenan an wuce. Kuma saboda shi ne mai Turanci a gidan sai ya zama shi ne tafinta. Shi ke magana da mutanen Red Cross, shi ke cike fom, shi ke riƙe waya ana ta sa shi jira. Wallahi abin da ya fi tsaya min, ranar da Hajiya ta cika, a kunnensa aka fara faɗa, shi ya juya ya fassara wa mahaifiyarsa cewa uwarta ta rasu. Yaro ɗan shekara 15. Ina tsaye a wurin, ban ga aibun abin ba a lokacin, har cewa na yi Allah ya yi masa albarka yaron nan akwai hankali. Alhali asibiti na da tafinta kyauta, ko ta waya ce za su haɗa ka, haƙƙinka ne ka nema, kuma mu manya masu jin Turanci muna nan cike da baranda.

Daga otal aka kai su shelta, gidan da ake ajiye waɗanda suka rasa matsuguni, can wani gefen gari, jirgin ƙasa biyu da bas kafin ya iso makaranta. Ya fara makara, ya fara fashi, ya daina zuwa Islamiyya ranar Asabar, in ka gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai hular rigarsa a rufe da fuska. Nan fa maganganu suka fara, kuma a cikin ɗakin nan aka yi su. Yaron nan ya canza, ya fara bin 'yan unguwa, Amurka ta cinye shi, a mayar da shi gida ya ga tarbiyya. Ba wanda ya ce yaron nan yana barci kuwa? Da na karɓe shi ya riƙa kwana wurina ranakun makaranta don gidana ya fi kusa, sai na gane ba ya barci. Ƙarfe uku na dare zan ji motsi, in fito in same shi yana zagaye yana taɓa soket ɗaya bayan ɗaya, ya cire cajar waya, ya cire na firij ma wani lokacin, ya buɗe ƙofar gida ya sake ta ya ga ko za ta rufe da kanta. Da takalmi a ƙafarsa yake kwanciya.

Na yi ta tambayarsa me ke damunka, ya ce ba komai. Kun san yaranmu na nan, Hausarsu in sun yi sai mu yi dariya mu ce ji bakin Bature, Turancinsu kuma in sun yi mai zurfi mu ba ma kamawa, to da wane bakin zai gaya min? Hajiya ce kaɗai ba ta taɓa yi masa dariya ba. Da ita yake Hausa, ita ke ce masa maigidana, ta aike shi ya sayo mata goro a shagon 'yan Afirka, ya dawo ta ce angona ya kawo cefane. Ranar da ta tafi har da Hausarsa ta tafi, mu kuma muna ta lissafin katifa da tukwane.

Wanda ya fara samo bakin zaren ba ni ba ce, Baba ne mai shayinmu, ga shi can zaune, na san ba ya son a ambace shi amma yau sai ya yi haƙuri. Da azumi ya zo na riƙa jan yaron zuwa buɗe-baki a masallaci don kar in bar shi shi kaɗai a gida, yana zuwa ya rakuɓe a lungu da waya. Baba bai tambaye shi komai ba, bai yi masa wa'azi ba. Cewa kawai ya yi, kai zo riƙe min butar nan hannuna na ciwo. Washegari ya ce zo ka koyi ɗaurin farko. Haka haka har ya koya masa shayin nan irin na mutanen Agadez, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, yadda ake ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta tashi. Ku lura fa, wuta ce yaron ke tsoro, ko risho ba ya kusanta a gidana, Baba ya zaunar da shi gaban wuta a hankali ba tare da ya ce masa ga abin da nake yi ba. Kafin goman ƙarshe in yaron bai zo ba sai ka ji dattawa na tambaya ina mai shayi, yau ba mu sha na kirki ba. Aka wayi gari akwai wurin da in bai zo ba ana jin rashinsa.

A daren 27 ne muna wanke tukwane ni da shi a kicin ɗin ƙasa, ba tambayarsa na yi ba, kawai sai ya ce, Anti ni na kunna hitar. Ya ce Hajiya ce ta ce ƙafarta na sanyi, hitar gidan ba ta aiki sosai, ya jawo ƙaramar ya haɗa ta da doguwar waya ya matso da ita kusa da gadonta don ta ji ɗumi, ya tafi ya kwanta. Wata huɗu yaron nan yana ɗauke da wannan shi kaɗai, yana ganin shi ya kashe kakarsa, mu kuma muna dafa shi muna cewa kai namiji ne. Na zauna a ƙasan kicin ɗin nan na riƙe shi muka yi kuka. Na ce masa kai jin ƙai ka yi, tsohuwa ta ce tana jin sanyi ka ɗumama ta, kwananta ne ya ƙare, kuma in ana neman wanda ya gaza to a fara da wanda ya bar gida da sanyi a tsakiyar hunturu, a zo kan mu manya da ba mu taɓa zaunar da ku mun nuna muku haɗarin abin nan ba. Malam Liman ma ya zauna da shi daga baya, Allah ya saka masa, kuma shi Malam da kansa ya ce a haɗa da mai ba da shawara na makaranta, addu'a da magani ba sa faɗa. Yaron ya yi wata da watanni yana ganin wata ƙwararriya, ba hauka ba ce, ba abin kunya ba ne, yanzu yana barci.

Wani abu kuma da matan ƙungiyar nan suka yi, ina so maza su ji. Yaron ya ce min abin da ya fi ƙona masa rai wayar Hajiya ta ƙone, ba shi da muryarta ko ɗaya, har ya fara manta yadda take kiransa. Na faɗa a guruf ɗin mata. Ashe Hajiya ba ta iya rubutu ba, komai da saƙon murya take yi, kowace a cikinmu tana da nata. Aka shiga tono, wannan ta turo gaisuwar Juma'a, wannan ta turo inda take koya mata yadda ake waake, wata ta samo wanda take cewa bari in katse maigidana ya dawo daga makaranta yunwa yake ji. Muka tara masa su duka. Ya saurari na ƙarshen nan ban san sau nawa ba. Yanzu in bai gane wata kalma a ciki ba sai ya zo ya tambayi Baba, kuma ba mai dariya.

To abin da nake roƙo, Shugaba, a cikin kwamitin jin daɗi a ware mutum biyu, mace da namiji, waɗanda in musiba ta faɗa wa wani gida aikinsu kawai yaran gidan ne, musamman 'yan shekara 12 zuwa 18 ɗin nan da suka yi girma a ɗauke su kuma ba su kai a zauna da su a shawara ba. Kar a sake barin yaro ya yi tafintan mutuwa, muna da nas-nas a nan, muna da ɗalibai manya. Kuma a ba yaran nan aiki a cikinmu tun kafin wani abu ya faru, su riƙe makirfo, su raba abinci, su karanta sanarwa da Hausarsu yadda take, wanda dariya ta kama shi ya haɗiye ta.

Sai maganar gidajenmu, dan Allah yau in kun koma. Na san muna cire batirin alam saboda yana ihu in ana suya, a mayar da shi, Red Cross ma suna zuwa su saka kyauta. Hita a bango kai tsaye ake haɗa ta ba a doguwar waya ba, a nesa da gado da labule, a kashe kafin a kwanta. Ku buɗe ƙofarku ku sake ta, in ba ta rufe da kanta ba doka ta ce mai gida ya gyara. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu wajibi ne ya ba ku ɗumi, in ya ƙi ku kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birni, wanda ke jin tsoro ko Turanci ya yi masa wuya ya kira ni mu kira tare. In kuma Allah ya kawo tsautsayi kuna fita, ku ja ƙofa ku rufe a bayanku.

Ga takarda nan za ta zagaya, mai son shiga cikin mutum biyun nan ko mai iya tafinta ya rubuta suna da lamba. Shayin da za a kawo muku yanzu kuma shi ya dafa, tun la'asar yana ƙasa shi da Baba. Na gode, wassalamu alaikum.