Idan Hukuma Ta Nemi Filinka Don Asibitin Annoba

A watan Yuli na 2018, cutar amai da zawo, wato kwalara, ta ɓarke a Madarunfa, ta bazu cikin jihar Maradi, ta kuma dawo a 2021. Idan gadajen likita suka cika, tanti ake kafawa, tanti kuma sai da fili. To, filin wa?

Nijar tana da doka a kan wannan: doka mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008. Abu biyu ta bambanta. Akwai karɓe fili har abada don amfanin jama'a, inda diyya take riga karɓa. Akwai kuma zama na ɗan lokaci, inda fili yana nan a matsayin na mai shi, amfaninsa kawai ake ɗauka. Asibitin tanti ya fi kama da na biyun.

Ba kowane fili ake so ba. Mai kwalara ɗaya da aka kwantar yana cin kusan lita 60 na ruwa a rana, mai jinyarsa lita 15, don haka dole motar ruwa ta iya shiga. Ramin masai kuwa sai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, gindinsa ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Shi ya sa fadamar Gulbin Maradi, duk da yalwarta, ba ta dace ba: ruwa na kusa, ambaliya ɗaya za ta kwashe ƙazanta ta kai cikin rijiyoyi. Tudu ake nema.

Ga inda rigima take farawa. Kwalara ta fi zuwa da damina, lokacin da gero yake tsaye. Mai gona, kada ka bari a kafa turke ko ɗaya kafin a rubuta halin da gonar take ciki: faɗinta, iyakokinta, abin da aka shuka, yawan itatuwan gawo ko mangwaro, da damman da ta saba bayarwa. A yi shi gaban mai gari da wakilin hukumar filaye, wato COFO, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafinka. Maganar baki ba ta da amfani ranar da jami'in da ya yi maka alkawari aka sauya masa wurin aiki.

A rubuta kuma wanda ya yi shukar. Gonaki da yawa a nan aro ne ko jingina, kuma asarar amfanin gona ta manomi ce, ba ta mai ƙasa kaɗai ba. Gonar gado da ba a raba ba, a kira magada duka.

Sai ranar tashi, wadda aka fi mantawa da ita. Kashi da aman marasa lafiya ana zuba musu ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 kafin su shiga rami. Takarda ta faɗi wanda zai cike ramukan, ya kwashe allurai da shara, ya nuna wuraren da aka binne su, don kada gobe wani ya haƙa rijiya a kai. A duba gonar tare da takardar farko a hannu, sannan a sa hannun mayarwa.