Ashar da zagi a Turanci, daga ina suka samo nauyinsu

Assalamu alaikum. To jama'a, na san wasu da suka ga taken laccar nan sun ce malam me ya kai ka, amma abin da yake fita daga bakin yaranmu kullum, suna kwasowa a fim da waƙa ba su san nauyinsa ba, dole a zauna a yi maganarsa. Manyan ba zan furta su ba, zan nuna su da harafin farko kawai.

Kalmar da Bature yake kiran ashar da ita, wato "swear", ita ce dai kalmar rantsuwa. Mutum ya dafa littafi a kotu ya rantse da ita ake faɗa, ya ƙunduma ashar a titi ma da ita ake faɗa, kuma akwai dalili. A Ingila ta da, babban ashar shi ne ka kama sunan Allah ko na Annabi Isa a banza, har a 1606 majalisarsu ta yi doka cewa duk ɗan wasan kwaikwayon da ya ambaci sunan Allah da wasa a dandamali tarar fam 10 ce a kansa, kuɗi ne masu yawan gaske a lokacin. Shi ya sa mutane suke lanƙwasa kalmomin, "God" ta koma "gosh", "hell" ta koma "heck", "damn" ta koma "darn". Mu ma ai muna yi, mutum ya ɗauko ashar ya haɗiye rabi ya ce "kan uban can". To ɗalibai, wanda yake cewa "gosh" yana ganin gayu ne, sunan Allah ne aka karkatar fa, ya sani.

Daga baya da riƙon addini ya yi sanyi a can sai nauyin ya bar rantsuwa ya koma kan jiki, wato al'aura da saduwa da bayan gida. A 1914 wata 'yar wasa ta furta "bloody" a dandamali a Landan cikin wasan da Bernard Shaw ya rubuta, jaridu suka yi ta cece-kuce a kai, yau kuwa kalmar ba ta tayar wa kowa hankali sosai. A 1960 aka gurfanar da kamfanin buga littattafai na Penguin a kotu saboda wani littafin D. H. Lawrence mai ɗauke da kalmar nan mai farawa da F, kamfanin ya yi nasara, sannan a 1965 wani mai sharhin wasan kwaikwayo Kenneth Tynan ya faɗe ta ɓaro-ɓaro a talbijin na BBC, aka yi ta hayaniya har a majalisa. A Amurka kuma wani mai barkwanci George Carlin ya jera kalmomi bakwai a 1972 ya ce su ne ba a faɗa a talbijin, wani gidan rediyo ya sa irin wannan zancen nasa da rana tsaka, magana ta kai kotun ƙoli, a 1978 kotu ta ce hukuma tana da ikon tsawatarwa. Har yau a Ingila sai bayan ƙarfe 9 na dare ake barin irin waɗannan kalmomi a talbijin saboda yara.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne yake damuna. A yau kalma mafi nauyi a Turanci ita ce ta cin mutuncin launin fata, musamman mai farawa da N ɗin nan da aka riƙa kiran bayi baƙaƙen fata da ita a Amurka. Yaro ya ji mawaƙan can suna jifan juna da ita sai ya ɗauka gaisuwa ce ya je yana rubutawa a Facebook, alhali su tarihi ne a bayanta na bulala da sarƙa da rataya, kuma a can mutane suna rasa aikinsu a kanta. Wallahi duk lokacin da na ji ta a bakin ɗan sakandare raina ɓaci yake yi.

Kuma nauyin yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. "Bastard" a Ostireliya abokai suna faɗa wa juna cikin raha, kamar yadda za ka ce wa abokinka shege don ya burge ka, amma gaya wa baƙo ka gani. Haka hannu ma, yadda daƙuwa take a wajenmu, a Ingila ka ɗaga yatsu biyu bayan hannunka yana kallon mutum to zagi ka yi masa, in tafin ne yake kallonsa alamar nasara ce. Masu shirin tafiya karatu can, in za ku ce a ba ku abu biyu a kanti ku juya tafin hannunku waje.