Fodkas: Me ya hana almajirai gane zancen tashin Yesu?

Ladi: Jama'a barkanmu da warhaka, barka da Ista. Ni ce Ladi, ga Yaya Bulus a gefena, yau kuma mun yi sa'a Baba Fasto ya samu zuwa. Baba sannu da zuwa.

Baba Fasto: Yawwa 'yata, sannunku da aiki.

Ladi: Baba akwai ayar da ta daɗe tana damuna, Yohanna 20:9. Bitrus da ɗaya almajirin sun sheƙa a guje zuwa kabarin Yesu, sun shiga, ga likkafani a ajiye, ga mayafin da aka naɗe kansa da shi can gefe guda a naɗe, amma sai ayar ta ce har lokacin ba su fahimci Nassi ba cewa lalle ne ya tashi. Mutanen da suke ci tare da shi suna kwana tare da shi fa!

Bulus: Kuma ba wai bai faɗa musu ba ne. A Markus kaɗai sau uku ya faɗa ɓaro-ɓaro, sura 8, sura 9, sura 10, za a kashe ni, bayan kwana uku in tashi. Ta farkon ma Bitrus janye shi gefe ya yi yana tsawata masa.

Baba Fasto: To ɗana dubi abin da ya biyo bayan ta biyu da ta uku. Bayan ta biyu suna hanyar Kafarnahum suna gardamar wa ya fi girma a cikinsu. Bayan ta uku Yakubu da Yohanna suka zo neman kujera, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kun ga inda hankalinsu yake. Sarauta suke jira, Almasihun da zai hau gadon Dawuda ya kori Romawa, to wanda bai yarda sarkinsa zai mutu ba ina zai ji zancen tashi?

Ladi: Amma Baba ai Yahudawa sun san tashin matattu, ko ba haka ba?

Baba Fasto: Sun sani mana. A cikin ƙungiyoyin addininsu, Farisiyawa sun yarda, Sadukiyawa ne suka ce sam babu. Daniyel 12:2 na nan, ta yi zancen tashin matattu. Ki tuna Marta, da Yesu ya ce mata ɗan'uwanta Li'azaru da ya mutu zai tashi, cewa ta yi ta san zai tashi a ranar ƙarshe. A nan gizo ke saƙa. A wurinsu tashin matattu abu ne na kowa da kowa a ƙarshen duniya, amma a ce mutum ɗaya ya tashi yanzu, duniya na ci gaba, Bilatus, gwamnan Romawa, na nan a kujerarsa, ana cin kasuwa a Urushalima, wannan kam ba wanda ya koya musu shi. Shi ya sa da suka sauko daga dutse a Markus 9:10 suke ta tambayar juna wai mene ne tashi daga matattun nan.

Bulus: Ni abin da ke sosa min rai shi ne aya ta 32 ta wannan surar, ba su gane ba kuma suna tsoron tambayarsa. Malaminsu na gabansu fa.

Baba Fasto: Sun ga yadda ta kaya da Bitrus, Yesu ne ya juyo ya tsawata masa. Kuma wani lokaci mutum ya kan ƙi tambaya don yana tsoron amsar. Ga kuma gicciyen kansa, Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ce wanda aka rataye a itace la'ananne ne, duk Bayahude ya san wannan, to ranar Juma'ar nan a ganinsu magana ta ƙare.

Ladi: Shi ya sa matan suka tafi da kayan ƙanshi da asubar Lahadi, gawa suka je shafawa. Da suka dawo da labari kuma manzanni suka ɗauke shi tatsuniya.

Bulus: Amma manyan firistoci da Farisiyawa ba su manta ba. Matiyu 27, suka je gun Bilatus suka ce mutumin nan ya ce zai tashi bayan kwana uku, a tsare kabari. Maƙiya sun riƙe maganar, masoya sun sake ta. Baba ni dai ina ganin akwai laifin almajirai a nan.

Baba Fasto: Akwai, Yesu da kansa ya ce wa Kiliyobas da abokinsa marasa fahimta masu nauyin zuciya a hanyar Imuwasu. Amma ban so mu yi musu gaggawar hukunci. Buɗe Zabura 16:10, wadda ta ce Allah ba zai bar Mai Tsarkinsa ya ruɓa ba, ka karanta kamar ba ka taɓa jin Ista ba, za ka ɗauka Dawuda na roƙon kada ya mutu ne. Ishaya 53 bai kira sunan Almasihu ba, bawa ya ce. Yunusa a cikin kifi labari ne, Yusha'u 6:2 kuma, da ta ambaci tashi a rana ta uku, zancen al'umma yake. Sai da Yesu ya bi da su tun daga Musa har annabawa a tafiyar wajen mil 7, zuciyarsu na ƙuna, amma ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa. Luka 24:45 ta ce shi ne ya buɗe hankalinsu.

Ladi: Sai ga Bitrus ranar Fentikos, idin Yahudawa da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, ya ɗauko wannan Zabura 16 ɗin a gaban taro.

Baba Fasto: Ya ce Dawuda ya mutu an binne shi, kabarinsa na nan a cikinmu har yau, don haka ba kansa yake nufi ba. Mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma ran nan.

Bulus: Amma kafin nan a Ayyukan Manzanni 1:6, bayan kwana 40 suna ganinsa, sai da suka sake tambaya ko yanzu ne zai mayar wa Isra'ila mulki.

Ladi: Wannan tambayar za mu ɗauka mako mai zuwa tare da zancen Toma in Allah ya kai mu. Baba mun gode ƙwarai.

Baba Fasto: Allah ya yi muku albarka.